ZARE: Mu ne ƙafar binciken, mu ne bakinsa, amma sunanmu babu

1/
Duk hutu sai ka ga cigiya a guruf: "Ana neman ɗalibai masu jin Hausa, aikin tambayoyi na kwana biyar a Jega, Aliero da Maiyama." A ba ka riga mai tambari, a ba ka kuɗin mashin, a ɗauke ku hoto a gindin bishiya. Ranar da rahoto ya fito, sunanka ko a bangon baya babu. A kan wannan zan yi magana yau. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Maganata guda ce. Ɗalibar da ta yi sallama, ta zauna kan tabarma, ta sa tsohuwa ta buɗe baki ta faɗi yadda jikanta ya rasu, bincike take yi. Ba 'yar aike ba ce. A koya mata aikin, a biya ta, a rubuta sunanta. Kuma abin ya zama tsari na kowace shekara, ba sai wanda ya san wani ba.

3/
Don kar mu bar wasu a baya: bincike kan lafiyar jama'a iri biyu ne. Akwai na ƙidaya, mutum nawa sunka kamu, nawa sunka rasu, kashi nawa cikin ɗari. Akwai kuma na hira da sauraro, wanda ke neman dalili: mi ya sa aka yi haka, mi mutane ke tsoro, wa ke yanke shawara a gidan. Na biyun nan nake nufi.

4/
Na san akwai 'yan lab da ke ce ma wannan "surutu". Sannunku. Ku ɗan dakata ku ji.

5/
Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018, wanda ake kira NDHS, ya nuna Kebbi ce ta fi kowace jiha mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar: 252 cikin kowane 1,000. Wato kusan ɗaya cikin huɗu. Ya kuma nuna matan da ke haihuwa a asibiti a jihar ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ƙidaya ta yi aikinta, ta faɗa mana girman ramin.

6/
Amma lambar nan ba za ta gaya maka dalilin da mace a Mungadi ko Sambawa ke zuwa awo sau uku, ranar naƙuda kuma ta zauna gida ba. Kuɗin mota ne? Maigida ya tafi cin rani babu mai ba da izini? Uwar miji ce ta ce su a ɗaki sunka haihu? Ko wata ma'aikaciya ce ta taɓa yi mata tsawa gaban mutane? Kowanne daban, maganinsa daban. Sai an zauna an ji.

7/
A Maris na 2025 sanƙarau ta ɓarke a Gwandu, Jega da Aliero. Sanarwar farko ta gwamnatin jiha ta ce mutum 26 sun rasu, daga baya adadin ya ƙaru. Har jami'ar Aliero sai da ta tura ɗalibai gida bayan rasuwar wasu daga cikinsu. Allah ya jiƙansu. Kuma ba shi ne karon farko ba, a 2015 ma cutar ta taɓa yankin nan sosai.

8/
Sanƙarau cuta ce ta awoyi. Wanda aka kai da wuri yana da damar tashi, wanda aka tsaya jiran gobe abin kan yi muni. Allurar rigakafi akwai, Najeriya ce ma ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar nan mai kare nau'i biyar, a 2024. To tambayar da ta rage ta hira ce: daga fara ciwon kai zuwa ƙofar asibiti, mi ke faruwa a tsakani?

9/
An fara zuwa kemis a karɓi maganin maleriya? An ce iska ce a nemi mai ruƙiya? An tsaya neman rance? An ji tsoron allurar nan ta baya da ake ɗibar ruwa, saboda ana cewa ita ke nakasa mutum? Babu na'urar da ke auna wannan. Sai wanda za a yarda a gaya masa gaskiya, cikin harshen da aka yi kukan da shi.

10/
Kuma wa ke nan? Mu. 'Yan jami'ar Aliero, 'yan kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, da 'yan garuruwan nan da ke karatu a Birnin Kebbi, Sakkwato ko Zariya, da ke dawowa gida hutu.

11/
Bari in nuna muku abin da nake nufi da cewa jin Hausa kaɗai bai isa ba, kuma wanda ya iya wannan ba ɗan aike ba ne.

Ka tambayi mutum ya mai jiki, zai ce "da sauƙi". Ko da mai jikin na kan gargara, da sauƙi za a ce. Baƙo ya rubuta a fom: ya samu sauƙi. An gama, data ta lalace tun daga layin farko.

12/
Ka tambayi matashiyar uwa 'ya'yanta nawa. In akwai manya a wurin, da wuya ta ambaci ɗan fari, saboda kunya. Wata ba za ta lissafa waɗanda sunka rasu ba sai kin bi a hankali. Wata ba ta son ƙirga 'ya'ya kwata-kwata. Sunan mijinta kuwa, kar ma ki soma. 'Yar gari ta san ta inda za ta zagayo. Fom bai sani ba.

13/
Ga karin harshe. A nan in an ce "ɗiya" ana iya nufin 'ya'ya gaba ɗaya, maza da mata. Bakano ya ji "ɗiya" sai ya rubuta yarinya mace. Mu "masassara" muke cewa. "Shawara" na iya zama shawarar da aka ba ka, tana iya zama ciwon da ke sa ido ya yi rawaya. "Sanyi" a bakin matar aure sau da yawa ba mura take nufi ba.

14/
Ko sunan cuta kansa bayani ne. Shan inna. Ka tsaya ka duba sunan: wa ya sha, mi aka sha? Sunan ya riga ya gaya maka inda mutane sunka ɗora asalin ciwon tun kafin a zo da ɗigon baki. Wanda ya fassara shi da kalma ɗaya ta Turanci ya wuce, ya zubar da rabin abin da aka tura shi nema.

15/
Sannan akwai ƙofar da aka rubuta BA SHIGA. Duk digirin Farfesa, in namiji ne, a zaure zai tsaya. Abin da zai samu shi ne abin da maigida ya ga damar faɗi. Labarin jego, wankan ruwan zafi, kunun kanwa, yaye, ɓari, duk yana cikin gida. Ɗaliba mace ce ke shiga. Amma ita ce kuma ake fara cirewa in an ce kuɗi ba su isa ba, wai iyayenta za su ba da wahala.

16/
Wankan jego da kunun kanwa da na ambata, ba wasa ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sunka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ba a na'ura kaɗai aka gano wannan ba, sai da wani ya tambayi matan mi suke yi cikin kwana arba'in ɗin nan.

17/
Yanzu mu zo kan aikin da ba a gani a hoto. An yi hira ta awa ɗaya an naɗa a waya. Sai a kwafe ta kalma-kalma. Duk wanda ya taɓa yi ya san awa ɗaya ta magana kan ci awa huɗu zuwa shida ta rubutu, in ma babu kukan akuya da injin markaɗe a ciki. Bayan nan a juya zuwa Turanci. Wannan wani yinin ne daban.

18/
Da wayarka. Da datarka. Da cajin da ka biya a shagon mai janareta. Na san waɗanda aka biya su kuɗin kwanakin fita kawai, kwafewa da fassara aka ce "ku ƙarasa a gida ku turo". Ba zan kama sunan kowa ba, su sun san kansu.

19/
Kuma mai fassarar nan shi ke yanke hukunci a kowane layi. In tsohuwa ta ce "haka Allah ya so", tana nufin ta sallama ne, ko tana nufin ba ta son ta zargi surukinta a gaban baƙo? Wanda ya ga fuskarta lokacin da ta faɗa shi ya sani. Wanda ke Abuja ko Landan yana karanta abin da aka turo masa, ba shi da hanyar sani.

20/
Shi ne za a buga takarda a mujallar waje, a ƙasa can a ce an gode wa "masu tattara bayanai". Babu suna. Kamar iska ce ta kwaso hirar ta kai musu.

21/
Abin ga ba sabo ba ne, shi ya sa yake ƙona min rai. Ku nemi labarin Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da ya yi wa matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth hidima, ya bi shi har Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan mai suna Schon ya zaunar da shi yana rubuta labaransa da Hausarsa.

22/
Littafin Magana Hausa ya fito a 1885 da sunan Schon a bango. Jami'ar Oksfod ta ba Schon digirin girmamawa. Dorugu fa? Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin masana su fara kallon labarin tafiyarsa a matsayin aikinsa shi kansa. Haka Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, 1911 zuwa 1913: malamai ne sunka rubuta mafi yawansa da ajami, da dama daga ƙasar Sakkwato.

23/
Amma akwai wadda ta yi abin da ya dace tun da daɗewa. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito a 1954, sunansa Baba of Karo. Sunan Baba ne a bango. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. In an iya a 1954, mi ya hana yanzu?

24/
Masu cewa hira ba kimiyya ba ce, ga na ƙarshe gare ku. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

25/
Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004. Cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Allurar lafiya lau take, yarda ce babu. Waɗanda sunka bayyana wa duniya dalili, irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, da hira sunka yi. Renne a Zariya ta yi nata, littafin ya fito a 2010.

26/
Wato rashin sauraro yana da tsada, kuma yara ke biya.

27/
To a wasu ƙasashe ya ake yi? A Amurka akwai shirin da hukumar kimiyya ta ƙasarsu, NSF, ke ɗaukar nauyi tun 1987, ana ce masa REU. Ɗalibin digirin farko ya nema, a zaɓe shi, ya yi mako takwas zuwa goma na dogon hutu yana aiki ƙarƙashin malami a kan bincike na gaske. Ana biyansa dala 600 zuwa 700 a mako, galibi har da wurin kwana.

28/
Kuma ba 'yan lab kaɗai ba, har da masu nazarin zamantakewa da lafiyar al'umma. Jami'ar MIT ma ta fara nata tsarin tun 1969. Ban kawo wannan don a biya mu da dala ba, kar wani ya zo min da "nan ba Amurka ba ce". Na sani. Siffar abin nake so ku gani: ana sanarwa a fili, akwai malami a kanka, akwai albashi, akwai abin da za ka nuna a ƙarshe.

29/
Mu abin da muke da shi mafi kusa shi ne SIWES, wanda ITF ta fara tun shekarun 1970. Alawus ɗinsa ga ɗan jami'a: ₦15,000 na wata shida. ₦2,500 a wata. Ku lissafa da kuɗin mota daga Maiyama zuwa Jega, zuwa da dawowa, ku gaya min kwana nawa zai kai. Kuma tsarin don masana'antu da ofisoshi aka yi shi, ba don koyon bincike ba.

30/
Sakamakon haka kowa ya sani, kawai ba ma son faɗi. Ɗalibi ya yi shekara uku bai taɓa yi wa kowa hira ta minti goma ba, aji huɗu a ce ya kawo furojet. Sai ya nufi shagon kwamfuta a bakin get, a canza sunan gari a tsohon aiki, Ilori ta koma Aliero. Wani lokacin ma a manta ba a canza a babi na uku ba.

31/
Zan faɗi namu laifin, don kar a ce son kai nake. Akwai 'yan uwanmu da in an ba su fom hamsin, za su yi goma, sauran arba'in a cike su a inuwar mangwaro. Wannan ha'inci ne, kuma da irin wannan takardar ake yanke shawarar inda za a kai magani. Ba na kare shi.

32/
Sai dai ku duba yadda aka gina abin. An ce fom hamsin a kwana biyu. Ba a gaya maka mi za a yi da amsoshin ba. Babu wanda zai zauna da kai ya saurari ko hira ɗaya. Sunanka ba zai fito ba ko ka yi da kyau ko ka yi da ha'inci. Wanda aka ɗauka a matsayin ɗan dako, aikin dako zai yi.

33/
Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan, kuma shi ne babban dalilin da nake cewa sai da horo. Kasancewarki 'yar gari shi ke buɗe miki ƙofa, shi ne kuma ke iya kashe wani. Mace ta gaya miki tana shan maganin tazarar haihuwa a ɓoye. Ke kin san mijinta, ƙanwarsa ƙawarki ce. Kalma ɗaya a gidan biki, aure ya mutu.

34/
Ko a ɗora hoton yaro mai tamowa a sitatus, wai "aiki muke yi". Ɗan wa? Wa ya ba ka izini? Najeriya na da dokokin ladabin binciken lafiya tun 2007, akwai kwamitin ƙasa mai suna NHREC da ke kula da su. Neman yardar mutum, ɓoye sirrinsa, 'yancinsa ya ce a'a ko a tsakiyar hira. Ɗalibai nawa aka zaunar aka karanta musu wannan kafin a tura su?

35/
Horon rabin yini a ɗakin taro, rabinsa ya tafi a jawabin maraba da rabon minti, ba horo ba ne.

36/
Yanzu ga abin da nake ganin ya kamata, kuma ba abin a-zo-a-gani ba ne. Jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tana tsakiyar ƙananan hukumomin nan uku. Kwalejin lafiya na Jega. Su haɗa kai da ma'aikatar lafiya su buɗe gurbin ɗalibai 20 duk dogon hutu, na wata biyu.

37/
Mako biyu na farko koyo zalla: yadda ake tambayar da ba ta jan mutum zuwa amsar da kake so, yadda ake yin shiru a bar shi ya ƙarasa, yadda ake kwafewa, yadda ake adana murya ba a wayar da ƙanenka ke wasa da ita ba. Sauran makonnin a fita biyu-biyu, duk Juma'a a zauna da malami a saurari abin da aka samo.

38/
"Babu kuɗi." To mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a Kebbi tun 2024 ₦75,000 ne. Ɗalibi 20, wata biyu, ₦75,000 kowane wata: naira miliyan 3. Ƙara kuɗin mota da rikoda, ka ce miliyan 5. Ku nuna min taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a otal a Birnin Kebbi da bai ci haka ba tsakanin shayi da jakar taro.

39/
Kuma akwai TETFund da ke ba malamai tallafin bincike. Mi zai hana a sa sharaɗi: duk binciken da za a shiga gari da shi, a ware layi a kasafinsa na ɗalibai biyu, da sunansu da abin da za a biya su? Ƙungiyoyin agaji da kamfanonin tuntuɓa da ke zuwa daga Abuja ma haka. In kana son ɗalibanmu, ka bi ta wannan ƙofar.

40/
"Ai gogewa kuke samu." Gogewa ba ta sayen taki. Dogon hutu in ya faɗo a damina, ɗalibi a nan hannu ne a gona, shinkafa a fadama, gero a tudu. In ya faɗo da rani, ga albasa a Aliero, daga ban ruwa har zuba ta a rudu. Ka ce ya bar wannan ya yi maka aiki kyauta, to ɗan mai kuɗi kaɗai ka gayyata.

41/
Kuma ɗan mai kuɗin nan, da yawansu a makarantar kuɗi sunka tashi, Hausar ƙauye na ba su wahala. Aikin kyauta yana kore wanda ya fi dacewa da aikin.

42/
Na ce dogon hutu, na san wasu na dariya, wane hutu? Kalandar jami'a a ƙasar nan ba ta da alƙibla, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Gaskiya ne. Shi ya sa ba na cewa a ɗaura shi da Yuli ko Agusta kamar na Turawa. A ɗaura shi da ƙarshen zango na biyu, duk watan da ya faɗo.

43/
"Ɗalibi bai kai a sa sunansa a takarda ba, akwai ƙa'ida." E, akwai. Mujallun likitanci na cewa sai wanda ya ba da gudummawa ta gaske, ya kuma sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da shi. To ku bar mu mu sa hannun. Ku hana mu zama wurin nazarin hirar, sannan ku ce ba mu zauna ba? Wannan ai rufe ƙofa ne ka ce mutum ya ƙi shigowa.

44/
Wanda bai kai matsayin marubuci ba, a rubuta cikakken sunansa a wurin godiya, in ya yarda, a ba shi wasiƙar da ta faɗi abin da ya yi dalla-dalla: hira kaza, kwafewa kaza, fassara kaza. Wannan takardar ita zai nuna ranar neman digiri na biyu. Satifiket ɗin "halarta" mai zanen fure ba ya buɗe ko taga.

45/
Tambayoyin kuma ba sai an shigo mana da su daga waje ba. Mutane na tasowa daga jihohi masu nisa su zo Aliero ɗorin ƙashi. Mi suke samu a nan da ba su samu a asibiti? Kuɗi ne, ko tsoron a yanke ƙafa, ko yadda ake karɓarsu? Yaushe mai ɗori ke cewa wannan ya fi ƙarfina a tafi asibiti? Wa ya taɓa zama da su wata biyu ya rubuta?

46/
Mai feshin albasa da ke haɗa magani da hannu babu safar hannu, mi ya sani game da shi, wa ya gaya masa? Yaran da ke wanka a gulbi suna fitsarin jini, tsargiya, iyayensu na ɗaukarsa ciwo ko alamar girma? Mai kemis a kasuwar Jega, wanda shi ne likitan farko na rabin ƙauyukan da ke kewaye, ta yaya yake yanke abin da zai bayar?

47/
Kowanne cikin waɗannan furojet ne da ya fi wanda ake saye a bakin get sau ɗari. Kuma in an gama, a dawo a faɗa wa mutanen abin da aka samu, da Hausa, a ƙofar fada ko a makarantar Islamiyya ko a rediyo. Mutane sun gaji da amsa tambayoyin da ba su sake jin labarinsu. In kun lura, shi ya sa yanzu tambayar farko ita ce "mi za a ba mu?"

48/
Kar wani ya ce yankin ba ya fitar da masu nazarin jama'a. Farfesa Attahiru Jega, masanin kimiyyar siyasa, shugaban ASUU a da, shugaban Jami'ar Bayero, shugaban hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, sunan garin nan yake ɗauke da shi. Kai akwai. Tsani ne babu a matakin farko.

49/
Kafin a gina tsanin, 'yan uwa ɗalibai, in cigiyar nan ta sake zuwa, ku yi tambaya kafin ku sa rigar. Wane ne mai binciken, a ina yake? Kwamitin ladabi ya amince, ina takardar? Nawa ne kuɗin fita, nawa ne na kwafewa, yaushe za a biya? Sunana zai fito? Ku nemi a rubuto muku, ko a WhatsApp ne. Kuma ku tambaya tare, don in kai kaɗai ne za a ce ka cika tsiya a ɗauki na bayanka.

50/
Shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Jega, Aliero da Maiyama, ku da kuke iya haɗa walimar yaye ɗalibai da kalanda mai hotuna, wasiƙa ɗaya zuwa ga shugabannin makarantun nan biyu da kwamishinan lafiya ba za ta gagare ku ba. Sanƙarau da zafi take zuwa. In ana son a ji daga bakin gidajen da ta shiga a 2025, kafin zafi ya dawo ya kamata a ji.

51/
Wanda ya taɓa yin irin aikin ga, ya rubuto a ƙasa: kwana nawa, hira nawa, nawa aka biya, an sa suna ko ba a sa ba. Kar ku kama sunan ƙungiya ko na mutum, kar kuma ku ɗora hoton kowa. Zan tattara in haɗa da wasiƙar.